Goron da Aka Mayar

Idan dai a takarda ne, Anti Bebi ba ta shakkar kowa a Greensboro. Miƙa mata biro ka ce ta rubuto jijiyoyin da ke motsa harshen ɗan'adam, kafin shayinka ya huce ta jero maka su tsaf, har da zane. Amma ka ce ta ɗaga ido ta dubi malaminta ta ce, "Ina son ka yi mini abu kaza," to nan fa ake yin ta. Sai ka ga mace mai shekara arba'in da shida, uwar 'ya'ya uku, ta koma murza gefen mayafi kamar an kama ta da laifi.

'Yar Funtuwa ce. Tana gama sakandare ta yi aure, bayan 'yan shekaru mijinta Malam Rilwanu ya samu takardun Amurka suka taho. Shi tirela yake ja, yau yana Tennessee gobe yana Ohio, sai a yi kwana da kwanaki ba a ga ƙeyarsa ba. Ita kuma aikin kula da tsofaffi take yi a wani gida can Summerfield, inda in ka leƙa taga sai ka ga dawakan masu hali suna kiwo a bayan shinge. Wanka, canjin kaya, ba da abinci a baki, juya wanda ba ya iya juyawa. Sai da autarta Salwa ta shiga babbar sakandare sannan Bebi ta ce to, ita ma lokacinta ya yi. Ta shiga kwalejin gari, irin ta shekara biyu da ke karɓar duk wanda ya zo. Ita dai shekara biyar abin ya ci mata, don darasi ɗaya ko biyu take iya ɗauka a zango, tsakanin aiki da tukunya.

Yanzu ga shi ta zo ƙarshe, idonta kuma ya hango wuri mai tsawo. Akwai wata jami'a can gabas, tafiyar kamar awa guda a mota, wadda ke tankaɗe masu nema kamar garin tuwo. 'Yan kaɗan take ɗauka daga kwalejojin gari su je su ƙarasa digiri. Abin da Bebi ke so ta koya a can shi ne aikin dawo wa mutum da magana bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa ita. Ikon Allah ke nan! Wadda bakinta ke mata nauyi, ita ce ke son buɗe bakin wasu.

Matar da ke ba ɗalibai shawara ta duba sakamakonta a kwamfuta, ta ce makinta sun kai har sun yi saura.

"Abu ɗaya ya rage," ta ce da Turanci. "Takardar shaida daga malamin da ya san ki sosai. Shi zai aika musu da kansa kafin tsakiyar Fabrairu. In babu ita, ko buɗe fayil ɗinki ba za su yi ba."

Malamin da ya dace a bayyane yake: Dakta Harrison mai koyar da sassan jiki, wani dogon Bature mai sanƙo da ba ya rabuwa da kofin kofi. Zango na biyu ke nan tana ajinsa, kuma ba wanda ya taɓa wuce ta a jarrabawa. Sai dai wannan magana ta "ya san ki" ita ta tsaya mata a wuya. Ita fa girmama shi take yi, irin girmamawar da aka koya mata a gida. Kujerar baya take zama. In yana magana, idonta na kan littafi. Ba ta taɓa tambaya ba, don a wurinta tambaya a gaban jama'a tamkar cewa ne bai iya bayani ba. Tun ranar farko ya ce kowa ya kira shi Eric kawai, yaran nan 'yan shekara sha tara kuwa suka ɗauka, Eric kaza, Eric kaza, ita kuma duk suka faɗa sai tsikar jikinta ta tashi. Yana da lokacin da yake zama a ofis don ɗalibai su zo da tambayoyinsu. Bebi ko ƙofar ofishin ba ta sani ba.

Da ta gaya wa Malam Rilwanu a waya, yana wani wurin hutun manyan motoci, ana jin ƙarar injuna a bayansa. Ko dogon tunani bai yi ba.

"Ai wannan ba maganar da za ki je da ƙafarki ba ce," ya ce. "Babban mutum, babbar buƙata, sai ki faɗa masa tsaye-tsaye kamar kin je aron gishiri? Manya ake turawa. Ko ina gari ma ba ni zan je ba. Ki sami Alhaji Badaru."

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Bebi, don dama abin da ke ranta ke nan. Salwa ce kawai, da ke kwance a kujera tana latsa waya, ta ɗago kai.

"Mama, just email him."

"Imel? In tura wa malamina saƙo kamar wani tsarana?"

"Kowa haka yake yi," in ji Salwa da Hausarta mai ɗingishi.

"To kowa ba shi da tarbiyya ke nan. Tashi ki ɗora mini ruwan zafi."

Alhaji Badaru ya yi shekaru yana jan tasi a filin jirgin sama kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Tun daga nan ya zama bakin Hausawan garin. Neman aure shi ne, sulhun mata da miji shi ne, in yaro ya yi wa uban wani rashin kunya shi ake ɗauka a je ba da haƙuri. Da Bebi ta durƙusa ta gaya masa, sai ya gyara zama, fuskar nan ta washe. An daɗe ba a kawo masa aiki mai nauyi irin wannan ba. Ya ce amma mutum ɗaya ba ya zama tawaga, sai an haɗa da Baba Longji.

Baba Longji mutumin Filato ne, dattijo a cocinsu, yana zaune shi kaɗai a McLeansville tun rasuwar matarsa Nanven. Turancinsa ya fi na Alhaji tsabta, kuma a cewar Alhaji shi ya san yadda ake bi da Turawa, tunda tare suke ibada. Da aka kira shi aka ce maganar Bebi ce, bai bari an ƙarasa ba.

"Maganar Bebi? Ko da rarrafe ne zan je."

Wata Talata da hantsi, ana sanyin nan mai shiga ƙashi, Bebi ta ɗauko su a tsohuwar motarta. Alhaji ya sha babbar riga ruwan toka da ta ji sitaci, ya cusa rigar sanyi a ciki don kada ta ɓata kwalliya. Baba Longji ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya ɗaure wuya. A cinyar Alhaji akwai ƙullin goro, fari da ja, manya-manya, wanda ya zaɓo da hannunsa a shagon kayan Afirka ya naɗe a farin ƙyalle.

"Ke zauna a mota," Alhaji ya ce da suka isa. "Mai buƙata ba ta shiga."

Ta zauna. Ta bi su da ido suna takawa a hankali, ɗalibai na ratsewa suna kallon rigar, har suka shige ginin. Ta ciro carbi. Da aka jima ba su fito ba sai ta fara murmushi ita kaɗai, domin a saninta daɗewa alamar alheri ce, wanda za a kora ba a ba shi kujera. Har ta fara tunanin irin dambun da za ta yi musu na godiya.

Sai ga su. Tun daga nesa ta hango farin ƙyallen a hannun Alhaji, yadda ya shiga haka ya fito. Ba ta buƙatar fassara. Duk inda manya suka kai goro aka dawo musu da shi, an gama magana.

Alhaji ya shiga motar da ƙyar, ya ja ƙofa.

"Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba," ya ce. "Ya ba mu kujera, ya saurare mu har muka gama. Amma ya ce doka ta hana shi yin maganar ɗalibi da kowa, ko da uban da ya haife shi ne. Goro kuma ya ce ba ya karɓar komai a kan maganar ɗalibi. Ya ce in akwai mai buƙata, ta zo da kanta."

"Ni dai ban ji a'a a bakinsa ba," in ji Baba Longji daga baya. Idonsa ya yi ja, Bebi ta ɗauka sanyi ne.

"Haba Baba," ta ce a hankali. "Wanda bai ji nauyinku ba, ni zai ji nawa? Kawai dai ya sallame ku ne cikin mutunci."

Ta ba su haƙuri har sai da Alhaji ya ce ya isa. Da ta sauke shi a ƙofar gidansa ta ce ya raba goron a masallaci, ya ce a'a, goron magana ne, ba ya rabuwa sai magana ta ƙare. Ya shige da abinsa.

Da yamma Salwa ta ji labari, sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Kun kai masa kyauta? Mama! A nan za su iya cewa cin hanci ne fa. Za su iya rubuta ki."

Bebi ta dubi 'yar tata. Cin hanci? Goro? Ita da ko biron wurin aiki ba ta taɓa tahowa da shi gida ba? Amma abin da ya fi ƙona mata rai ba kanta ba ne. Dattawa biyu ta ɗauko, masu furfura, ta kai su inda za a yi musu kallon masu toshiyar baki. Ranar Alhamis tana da ajin Dakta Harrison, ta kasa zuwa, ita da ko ranar da ƙanƙara ta rufe hanya sai da ta je ta tarar an kulle makaranta. Ta rufe shafin neman jami'ar a kwamfuta, ta ce wa kanta takardar shekara biyun ma ai arziki ce, mutum ya gode wa Allah. Tana faɗa tana share ido da bayan hannu.

Washegari saƙo ya shigo wayarta, layi biyu kacal, daga Dakta Harrison. Ya ce bai gan ta a aji ba, kuma yana son ta zo ofishinsa ranar Litinin.

Shi ke nan, ta ce a ranta, an zo wurin. Ta yanke shawara: za ta je, ba don roƙo ba. Za ta je ta ce laifinta ne ita kaɗai, a wanke sunan Alhaji da Baba Longji, in ya so a yi mata duk hukuncin da za a yi. Ranar Litinin motar ma ta ƙi tashi, sai bas ta hau zuwa babbar tashar cikin gari ta canja wata. Tun daga tashar har makaranta tana maimaita kalmomin ba da haƙurin da Turanci, kada su gudu.

Ofishin ɗan ƙarami ne, littattafai har ƙasa, ga kwarangwal na roba a tsaye a lungu an ɗaura masa gyalen sanyi. Dakta Harrison ya miƙe ya nuna mata kujera. Ta zauna a bakin-baki, idonta na kan takalmanta, ta fara karanto haddarta. Ko rabi ba ta kai ba ya ɗaga hannu.

"Dakata, dakata. Haƙurin me? Ni ba wanda ya yi mini laifi." Ya yi 'yar dariya. "Na daɗe ina koyarwa, an roƙe ni takarda ta imel, an roƙe ni a bakin banɗaki, har a layin biyan kuɗi a kanti an taɓa tare ni. Amma ba a taɓa aiko mini da jakadu ba sai a kanki. Na san ba cin hanci ba ne, mai kwat ɗin ya yi mini bayanin goron. Kawai dai ba ni da ikon karɓa ne muddin ke ɗalibata ce."

Bebi ta saki ajiyar zuciya, amma ba ta ɗago ba.

"Doka ta hana ni magana a kanki," ya ci gaba. "Ba ta hana ni saurare ba. Su kuwa mutanenki, sun iya magana."

Ya ce mai babbar rigar ya fara ne tun daga sunan mahaifinta da garinsu, shi kuma mai kwat yana fassarawa inda Turanci ya tsaya. Ya ce an gaya masa babu macen da za ta rasu a cikin Musulmin unguwarsu ba Bebi ce ta yi mata wanka ba, kuma babu wanda zai kwanta asibiti bai ga kular abincinta ba. Kunya ta rufe Bebi, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wannan ai aikin wakili ne, shi ke faɗin abin da mutum ba zai faɗa da bakinsa ba. Amma ba a maimaita wa mai shi a gabansa!

"Daga nan sai mai kwat ɗin ya daina fassara," in ji Dakta Harrison, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ce shi ma yana da tasa maganar. Ya ba ni labarin matarsa."

Bebi ta daina murza mayafin.

Ta san labarin, ai da ita aka yi. Mama Nanven ta faɗi ne a kicin, ta farka a asibiti ɓarin jiki ya tafi, Turancin da ta yi shekara talatin tana yi da yara a makarantar reno shi ma ya tafi. Mai koya magana takan zo da katunan hotuna tana nuna mata, wannan kofi ne, wannan kare ne, Mama Nanven sai ta juya fuska bango. Har aka fara cewa da wuya ta sake magana. Bebi kuwa in ta tashi aiki takan biya ta zauna da ita. Ta tuna Mama Nanven ta taɓa ba ta labarin yadda ta tashi tana sayar da tumatir a kasuwa a Jos, ba mai iya taya mata kaya a wulaƙance. Sai wata rana Bebi ta zo da tumatir a leda, ta kasa su kashi-kashi a kan teburin gado, ta tsaya a matsayin mai saye. Ta ɗaga wannan ta ce ya ruɓe, ta latsa wancan ta ce ruwa ne zalla, sannan ta yi wani tayi na rainin hankali wanda ko a mafarki ba a sayarwa. Ranar farko ido kawai Mama Nanven ta zuba mata. Aka yi ta yi. Rannan Bebi ta miƙa hannu za ta kwashe kashin gaba ɗaya a kan wannan tayin, sai tsohuwar ta buge mata hannu da hannunta mai lafiya, bakin nan a karkace, ta ce, "Albarka!"

"Al-bar-ka," Dakta Harrison ya gwada faɗa, yana rarraba ta. "Ya ce ma'anarta ba ta sayar ba. Ya ce daga wannan kalmar sauran suka biyo. Ta ƙara shekara guda a duniya, ta kira sunansa, ta yi addu'a da bakinta, ta yi masa faɗa a kan gishirin miya. A kujerar nan da kike zaune ya yi kuka, mai rigar yana dafa masa kafaɗa."

Hawaye suka zubo wa Bebi, ba ta tare su ba. Ashe jan idon nan ba sanyi ba ne. Ita fa ba ta taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, zumunci ne kawai, maƙwabciya ta kwanta ka je ka zauna da ita. Ko a rubutun da ta yi wa jami'ar na bayanin kanta ba ta sa shi ba. Godiya ta cika shafin da ita, ga malamai, ga kwaleji, ga ƙasar da ta karɓe su.

"Bari in gaya miki gaskiya," ya ce. "Da kin turo mini imel makon jiya, da na rubuta cewa kina cin jarrabawa kuma ba ki da hayaniya. Layi uku. Irin wannan takardar, jami'ar nan tana samun ta har ta gaji. Zango biyu rubutun hannunki kawai na sani, kuma rabin laifin nawa ne, da ban taɓa takowa kujerar baya ba. Yanzu ina da abin rubutawa. Sai dai ba zan sa labarin nan ba sai da izininki, kuma ba na rubuta wa wanda bai tambaye ni ba." Ya jingina da kujera ya ɗauki kofinsa. "Har yanzu kuwa ba ki tambaye ni komai ba."

Bebi ta buɗe baki, ta rufe. Wallahi da a ce ta ɗaga tsoho mai nauyin buhu biyu daga gado zuwa keke ne, da tuni ta gama. Harshen nan da ta san sunan kowace jijiyarsa ya kwanta ya ƙi motsi. Shi kuwa bai taimake ta ba, bai kuma ƙosa ba, kofinsa kawai yake kurɓa. Ta tuna Baba Longji, mutumin da ko a jana'izar matarsa bai yarda an ga hawayensa ba, ya zo ya zubar da su a gaban baƙo saboda ita. Dattijo ya yi wannan, ita jimla ɗaya ce za ta gagare ta?

Ta ɗago kai. Idonsa ruwan toka ne, ashe. Ba ta taɓa sani ba.

"Dakta," ta ce, "ina roƙon ka rubuta mini takardar shaida. Ina son in shiga jami'ar nan. Ina so ƙwarai."

"Da farin ciki," ya ce, ya jawo takarda da biro. "To yanzu gaya mini, me ya sa tumatir?"

Nan fa bakin ya buɗe. Ta ce ita ta lura mutum ba ya magana don an nuna masa hoto, sai in akwai abin da yake so ko abin da ya ba shi haushi. Ta ba shi labarin wani tsoho a gidan Summerfield, mutumin duwatsun Vietnam, da aka ce ya daina magana, ita kuwa ta ji yana yi wa tsuntsaye magana da yarensu ta taga. Ta ce garin nan cike yake da tsofaffin da suka zo da harshe ɗaya suka ari na biyu, in ciwo ya zo na aron yake fara ƙwacewa, kuma ba mai zuwa ya neme su a na farkon. Tana yi tana nuni da hannu, har mayafin ya zame ta gyara ba ta tsaya ba. Sai da wani ɗalibi ya ƙwanƙwasa ƙofa sannan ta ankara ta cinye lokacin mutane. Kafin ta fita ya ce ta koma ta sake rubutun bayanin kanta, ta rage godiyar, ta sa tumatir.

Amsa ta zo a watan Afrilu, lokacin da ƙurar furanni ke mayar da kowace mota rawaya. Tana tsakiyar ba wata tsohuwa abincin rana wayar ta yi motsi a aljihu. Sai da ta gama, ta goge mata baki, ta wanke hannu, sannan ta shiga ɗakin ajiye tawul ta duba. An ɗauke ta. Ta zame ta yi sujada a nan tsakanin kwandunan wanki, tana alhamdulillahi tana kuka. Da ta kira Malam Rilwanu, sai da ya danna hon ɗin tirela har ta janye wayar daga kunne. Salwa kuwa ihu ta yi ta yi, daga baya ta ce, "Na ce miki ki je da kanki," uwar ta ce ai ba haka ta ce ba, imel ta ce.

Ranar yaye ɗalibai a watan Mayu, bayan an gama kiran sunaye an fito fili ana ɗaukar hotuna, sai ga Alhaji Badaru da rigar nan ruwan toka, Baba Longji na gefensa, farin ƙyallen na hannunsa. Ashe tun ranar yana ajiye da goron a ƙasan firij, duk Juma'a ya buɗe ya yayyafa masa ruwa ya cire wanda ya lalace, matarsa na mita ya cika mata wuri. Ya ragu, wasu sun ɗan yamutse, amma goro ne.

Suka hango Dakta Harrison da doguwar rigar malamai, sanƙon na sheƙi a rana. An riga an ba da maki, Bebi ta tashi daga ɗalibarsa. Suka nufe shi su uku, Malam Rilwanu da yara na biye. Alhaji ya tsaya a gabansa, ya gyara hula, ya tattare hannun riga, ya yi gyaran murya irin ta buɗe taro. Sai Baba Longji ya kama masa gefen riga ya ja a hankali.

"Alhaji, bar ta."

Alhaji ya waiwaya ya dube shi, ya dubi Bebi. Sannan ya miƙa mata ƙullin, ya ja da baya taku ɗaya, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba a garin nan.

Bebi ta kwance ƙyallen, ta riƙe da hannu biyu, ta dubi malaminta a ido.

"Dakta, wannan naka ne, ya daɗe yana jiran ka. Na gode. Ka jira ni har na yi magana, ba ka yi mini ita ba. Allah ya saka maka da alheri." Sai ta juya wurin dattawan, ta koma Hausa. "Baba Alhaji, Baba Longji, ku kuka shiga inda na kasa shiga. Ban da abin da zan biya ku."

"Ke tafi can," in ji Baba Longji yana laluben hankici. "Wa ke bin wani a nan?"

Dakta Harrison ya zaɓi fari guda, Alhaji ya nuna masa yadda ake ɓarewa. Ya gatsa. Fuskar nan ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, yara suka fashe da dariya. Amma bai tofar ba. Ya tauna, ya haɗiye, ya sa hannu ya karɓi ƙullin gaba ɗaya ya rungume a ƙirji.

Alhaji Badaru ya dubi tafin hannunsa, babu komai a ciki. Ya shafa fuska da su.

"To," ya ce. "Yanzu magana ta ƙare."